Idan Shugaban Ƙasa Ya Ƙi Sa Hannu a Ƙudiri, Ya Mutu Ke Nan?

Malam, ka tambaya ko ƙudiri ya mutu idan shugaban ƙasa ya ƙi rattaba hannu. A'a, bai mutu ba. Sashe na 58 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisun biyu za su iya sake zartar da shi da kaso biyu cikin uku, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sai ya zama doka. Haka aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta (NDDC). Wahalar ita ce tara wannan adadi, musamman idan jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye.