Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya ko Allah zai gafarta masa

Ɗan'uwa, sannu. Ka ce ka ci amanar abokin cinikinka a babbar kasuwar Sakkwato, ka riƙe kuɗinsa, kuma duk addu'ar da kake yi zuciyarka ta ƙi kwanciya. Kana tambaya ko Allah ya juya maka baya.

Bai juya ba. Wannan damuwar da ke hana ka barci aikin Ruhu Mai Tsarki ne, shi ke nuna wa mutum zunubinsa. Ka tuna Sarki Dawuda: ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga, ya ci gaba da sarauta kamar babu abin da ya faru, sai da annabi Natan ya je ya faɗa masa gaskiya ido da ido. Zabura 51 addu'ar tubansa ce. Ka karanta ta a natse, za ka ga bai kawo uzuri ko ɗaya ba. A 1 Yohanna 1:9 kuma an yi alkawarin cewa in muka furta zunubanmu, Allah mai aminci ne, zai gafarta mana, ya tsarkake mu. Yesu ya riga ya biya bashin zunubinka a kan gicciye, ko da ranka bai huce ba tukuna.

Amma maganar kuɗin nan fa, kada ka tsallake ta. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. A ganina kai ma ka je wurin mutumin, ka tafi da fastonku ko wani dattijon ikilisiya, ka roƙi gafararsa. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ku daidaita ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Zan sa ka a addu'a.