Na jona adaftar waifai a tsohuwar laftof, ta ƙi kamawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar laftof HP mai Windows 7, waifai ɗinta ya daina aiki. Na sayi ƴar adaftar USB mai kama da fulash na jona, amma ko sunan waifai ɗaya ba ta nuna min. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko ka tabbata na asalin ya mutu da gaske. HP na wancan zamani suna da maɓalli mai alamar eriya, wasu a kan F12 yake. In fitilarsa ta koma ruwan lemo, kashe shi aka yi, ka danna ya dawo.

In kuwa ya mutu, to matsalarka direba ce, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane adaftar. Windows 7 ba ta zuwa da direbobin yawancin ire-irensu. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc. Za ka ga na'ura mai alamar rawaya. Shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ta fito ita ce gaskiyar abin da ke cikin adaftar, kada ka bi sunan da ke jikin kwali, domin kwali iri ɗaya kan ƙunshi kaya daban. In ka ga VID_0BDA da PID_8179, Realtek RTL8188EU ce. In VID_148F da PID_7601 ne, MediaTek MT7601 ce. Sauke direbar a wayarka, ka tura ta zuwa laftof ta kebul ɗin USB. Amma ka fara duba ko Windows ɗinka mai 32-bit ce ko 64-bit, ta Properties na Computer. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, su yi ta sa wadda ba tasu ba.

In direba ta zauna kuma har yanzu ba ta ganin hotspot ɗinka, wato waifai ɗin da wayarka ke watsawa, ka duba wayar. Waɗannan adaftoci 2.4GHz kawai suke ji, sababbin wayoyi kuwa sukan watsa a 5GHz. Mayar da shi 2.4, tsaron kuma ka sa WPA2, don Windows 7 ba ta san WPA3 ba.

Ga mai fama da yawan yankewa, ya shiga Properties na adaftar a devmgmt.msc, sai Power Management, ya cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe ta. Ƙurar hunturunmu ma tana toshe ramin USB, a hure shi ko a canza rami.

Tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina kula da tsaron Windows 7, don haka harkar banki ka bar ta a wayarka.