Makonde reshen Suwahili ne?

Wata malamar makaranta daga Katsina ta aiko da tambaya: ta ji an ce sunan cutar chikungunya daga harshen Makonde ya fito, shin Makonden nan karin harshen Suwahili ne?

Malama, abin da kika ji gaskiya ne. A 1952 zazzabin ya ɓarke a tudun Makonde da ke kudancin Tanzaniya, mutanen wurin suka laƙaba masa suna daga kalmarsu mai nufin tanƙwarewa, don ciwon gaɓɓai kan sa mai cutar ya riƙa tafiya a duƙe. Amma kama da wane ba wane ba ne. Makonde harshe ne mai zaman kansa, ɗan'uwan Suwahili ne, ba ɗansa ba.

Kogin Ruvuma ya raba masu harshen gida biyu. Na arewa suna yankin Mtwara a Tanzaniya, wajen Newala, suna kiransa Chimakonde. Na kudu suna tudun Mueda a lardin Cabo Delgado na Mozambik, su kuma Shimakonde suke cewa. Daga cikinsu Filipe Nyusi ya fito, wanda ya hau mulkin Mozambik a 2015. Akwai wasu a Kenya, jikokin 'yan ƙwadagon gonaki, waɗanda sai a 2017 aka karɓe su a matsayin 'yan ƙasa.

Zumuncin Makonde da Suwahili a goshin kalma ake gane shi. Bahaushe a ƙarshen kalma yake gina jam'i, gida ya zama gidaje. Harsunan Bantu kuwa, wato babban dangin da Makonde da Suwahili da Zulu suke ciki, ɗafa-goshi suke sauyawa. Mutum a Makonde munu ne, mutane vanu. Suwahili na cewa mtu da watu, Zulu umuntu da abantu. Wannan chi- ko shi- da ke gaban sunan harshen shi ne ki- na Kiswahili. Sai dai Suwahili ya zubar da karin sauti, Makonde kuwa yana riƙe da nasa, hawa da saukar murya na rarrabe ma'ana kamar yadda muke yi a Hausa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma abin takaici ne a ji ana jefa harshe irin wannan a buhun Suwahili don kawai shi ya fi suna.

A rabe-raben harsunan Bantu da masanin harsuna Malcolm Guthrie ya fara a 1948, Suwahili yana rukunin G, Makonde yana rukunin P da lamba P23, tare da Yao da Mwera, Makhuwa kuma na kusa da su.

Hausa ba ta cikin wannan dangi, ita 'yar dangin harsunan Cadi ce. Duk da haka yawancin masana na ganin tushen Bantu yana kan iyakar Najeriya da Kamaru, don haka ta fuskar asali, Tibi na Binuwai ya fi Hausa kusa da Makonde nesa ba kusa ba.