Amsa ga mai tambayar Rodos: ki bar motar Lindos, ki shiga cikin ganuwa da ƙafa

Hajiya, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce jirgin ruwan da za ku bi zai tsaya a tsibirin Rodos na ƙasar Girka daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, kina tare da mahaifiyarki mai ciwon gwiwa, kuma kina so ki san ko ki biya kuɗin zagayen da kamfanin jirgin ke sayarwa zuwa Lindos, wani tsohon ƙauye mai kufan tarihi a tsibirin, ko ku shiga tsohon garin da kanku. Sai batun sallah da abinci. Ni da maigidana mun tsaya a can cikin watan Satumba, kwana ɗaya tak kamar yadda za ku yi, don haka abin da ƙafata ta taka zan faɗa miki.

Ki bar Lindos. Wuri ne mai kyau, ban musa ba, amma yana da nisan kusan kilomita 50 daga inda jirgi ke tsayawa, sa'a guda a mota zuwa, sa'a guda dawowa, kuma abin da ake zuwa gani yana can bisa ƙololuwar dutse, sai an hau matakala masu yawa cikin rana. Wasu ma'aurata da muke cin abincin dare tebur ɗaya da su sun je, matar ta dawo tana ɗingishi, ta ce rabin lokacin a layi suka cinye shi. Da Mama a gefenki, wannan wahala ce za ki saya da kuɗinki. Shi kuwa tsohon garin Rodos, daga saman jirgi za ki hango ganuwarsa. Kina saukowa, tafiyar da ba ta fi minti goma ba ki ga kanki a bakin ƙofa. Ba mota, ba ɗan rakiya, ba kuɗin shiga garin.

Ki fita da wuri, wannan shi ne sirrin. Mun sauka 8 da 'yan mintuna, masu shaguna na yayyafa ruwa a ƙofar rumfunansu, kyanwoyi na miƙa a kan dakali, titin kamar namu ne mu kaɗai. Zuwa ƙarfe 11, da sauran jiragen suka juye mutanensu, babban titin kasuwar da ake kira Sokratus ya zama kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah.

Ganuwar ce ta fara tsayar da ni. Duk wanda ya tashi yana ganin badalar Kano yana zaton ya san ganuwa, ni ma haka na zata. Tamu ta ƙasa ce, kuma ta fi wannan faɗin kewaye nesa ba kusa ba, don ta Rodos kusan kilomita 4 ce kacal. Amma ita ta dutse ce zalla, a wasu wuraren ninki biyu, tsakaninsu wani ƙaton rami busasshe da aka haƙa don hana maƙiyi isowa gindin bango. Yanzu ramin ya zama hanyar yawo, ana sauka a bi ta cikinsa. Mun shiga, bango ta dama bango ta hagu, sama can nesa, ga wasu mulmulallun duwatsu zube a cikin ciyawa, wasunsu sun kai tulu girma. Maigidana ya yi ƙoƙarin girgiza ɗaya, ko motsi bai yi ba. Harsasan igwa ne na dutse, irin waɗanda aka riƙa harbo wa garin lokacin da aka yi masa ƙawanya. Yawancin 'yan jirgi ba sa sauka nan, suna can wajen sayen hula da maganaɗisun firji. A ganina wanda bai shiga ramin nan ba bai ga Rodos ba. Ƙasan shimfiɗe yake, Mama za ta iya ɗan taɓawa, sai dai inuwa ba ta da yawa, don haka da sassafe za ku yi shi.

Ki san waɗanda suka gina ta, don sai da labarin duwatsun ke yin ma'ana. Wata ƙungiyar baraden Kirista ce, Baraden Yohanna, waɗanda asalinsu masu kula da asibitin maziyarta ne a Ƙudus, daga baya suka zama mayaƙa. Bayan an fitar da su daga ƙasar Sham sun kama Rodos wajen 1309, suka riƙe ta sama da shekara 200. A 1480 rundunar Sultan Muhammad, wanda ya ci Istanbul, ta kewaye garin ta kasa cinsa. Sai a 1522 Sultan Sulaiman ya zo da kansa, aka yi wata shida ana gwabzawa, baraden suka miƙa wuya bisa sharaɗin a bar su su fita da ransu da kayansu. Ranar 1 ga Janairun 1523 suka shiga jiragensu suka tafi, daga baya a 1530 aka ba su tsibirin Malta. Turkawa suka zauna kusan shekara 390, Italiya ta ƙwace a 1912, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka miƙa wa Girka. Kowane ɗayansu ya bar gininsa a kan na wanda ya gada, shi ya sa za ki ga tambarin barde a saman ƙofa, ki ɗaga kai ki ga hasumiyar masallaci a bayansa. UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Titin Barade shi ne wanda kowa ke ɗauka a hoto. Miƙaƙƙe ne, yana hawa a hankali har zuwa fadar shugabansu, gefe da gefe gidajen da kowane rukuni ke taruwa, don an raba su ne bisa harshe: na Faransa da gidansu, na Italiya da nasu, na Sifaniya haka. Babu shago ko ɗaya a kansa, babu allon talla. Amma ga inda zan ja kunnenki. Daɓen titin na tsakuwar bakin teku ne, an kafa su ɗaya bayan ɗaya a tsaye, shekaru sun goge su sun yi santsi. Na je da takalmi mai siririn ƙasa don ya dace da atamfar da na sa, kafin azahar tafin ƙafata kamar an yi min duka da muciya. Ki sa wa Mama kambas mai kauri, ke ma haka, kwalliya ta jira cikin jirgi. In tana amfani da keken turawa, tsakuwar nan za ta jijjiga ta sosai. Dabarar da na gano a makare ita ce a ɗauki tasi daga tasha a zagaya ta waje zuwa Ƙofar Ambuwaz da ke can sama kusa da fada, sai a shigo ta nan a riƙa gangarowa zuwa teku. Gangara ta fi hawa sauƙi ga mai gwiwa, ko da yake sai an riƙe mata hannu.

Fadar kanta, in kun gaji, ku tsaya a farfajiya ku ɗauki hoto ya isa. Mafi yawan abin da za ki gani a ciki ba na asali ba ne. A 1856 albarushin da aka ajiye a ƙarƙashin wata tsohuwar coci kusa da ita ya fashe, ya rusa unguwar ya hallaka ɗaruruwan mutane. Italiyawa ne suka sake gina ta gab da 1940 don sarkinsu da Musolini, shugaban gwamnatinsu na lokacin, su riƙa sauka. Tana da girma, tana da zanen tsakuwa masu kyau a ƙasa da aka kwaso daga tsibirin Kos, amma ni ban ji ƙamshin tsufa a cikinta ba. Wanda ya fi shiga raina shi ne asibitin baraden da ke ƙasan titin, wanda aka kammala a 1489, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Akwai wani dogon zaure a sama inda ake kwantar da marasa lafiya, mai rufin katako da ginshiƙai a tsakiya. Sanyi gare shi ko da rana tsaka, ga lambu a baya da wuraren zama. In kuɗin tikiti ɗaya za ki kashe, ki kashe shi nan.

Batun sallah. A saman titin Sokratus akwai masallacin Sulaiman, mai launin jan ƙasa, wanda aka fara ginawa bayan cin garin aka sake gina shi a 1808. Shi kowa ke nunawa, amma mun tarar da shi a rufe, kuma ba nan ake jam'in yau da kullum ba. Daura da shi akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga, na 1793, inda ake ajiye tsofaffin rubutattun Alƙur'ani da littattafan Larabci da Farisanci da Turkanci. Ɗan ƙaramin wuri ne mai tsakar gida, in kin same shi a buɗe ki leƙa. Masallacin da Musulmin garin ke sallah a ciki shi ne na Ibrahim Basha, wanda aka gina a 1540, yana cikin lungu a wani ɗan fili mai inuwar bishiya. Sai da muka ɓata sau biyu kafin mu same shi, don haka ki sauke taswirar garin a wayarki tun kina da intanet. Har yau akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, jikokin Turkawan da suka zauna. Wani dattijo da muka tarar a bakin ƙofa bai jin Turanci, mu ba ma jin Girkanci, sallama ce kawai ta haɗa mu, ya nuna wa maigidana famfo, ya nuna min inda mata ke tsayawa. Ba kullum yake a buɗe ba sai lokacin sallah, saboda haka ki yo alwala daga jirgi, ki sako ɗan siririn abin sallah a jaka. In abin ya ƙi, jirgin ma ba nisa, kina iya komawa ki yi sallah, ki ci abinci, Mama ta ɗan kishingiɗa, ku sake fitowa da la'asar. Katin jirginku ne kawai za a duba, sau nawa kuka ga dama.

Abinci kuwa, ki buɗe ido. Naman da za ki gani yana juyawa a tsaye kamar shawarma, a Girka yawanci alade ne, haka tsiren nasu da suke kira suflaki. Kalmar alade a bakinsu "hirino" ce, kaza "kotopulo", amma ko kazar ce sau da yawa wuƙa ɗaya da faranti ɗaya ake aiki da su. Mu kifi muka ci da salak. Akwai wani abu nasu na gargajiya, pitarudiya, soyayyen niƙaƙƙen wake da albasa da ganye, kina gutsira za ki ce ƙosai ne ya je makaranta. Sai melekuni, riɗi da zuma, wanda suke rabawa a bikin aure, ɗan uwan kantun riɗinmu ne sak, sai dai ya fi taushi kuma yana ƙamshin ɓawon lemo. Shi na yi tsaraba da shi, ba ya lalacewa a hanya.

Inda muka yi asara shi ne wani gidan abinci a babban dandalin da ke da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Wani saurayi ya tare mu da fara'a, har da "salamu alaikum" ɗinsa, ya zaunar da mu a bene. Muka ce lemo biyu, ba mu tambayi girma ba, ba mu ga farashi ba. Sai ga kofuna kamar bokitin wanka. Da takardar kuɗi ta zo, lemon ya kusa kamo kuɗin kifin. Laifinmu ne, wanda bai tambaya ba ya yarda. Ki karɓi takardar farashi a hannu kafin ki zauna, ki ce ƙarami da bakinki. Mafi alheri ma ki bar dandalin ki kutsa lunguna ta kudu, inda mutanen gari ke zaune da shanyarsu da baburansu a ƙofar gida. Can abinci ya fi araha, hayaniya babu. Ta gabas kuma tsohuwar unguwar Yahudawa ce, da wurin ibadarsu na 1577. A watan Yulin 1944 'yan Nazi suka kwashe kusan dukkansu, kaɗan ne suka dawo. Akwai dutsen tunawa da su a wani dandali, mutane na shan askirim a gefensa.

Za a ce miki ki je ki ga inda ƙaton gunkin nan na Rodos ya tsaya, ɗaya daga abubuwan al'ajabi bakwai na zamanin da. Babu abin gani. Girgizar ƙasa ta kayar da shi tun wajen shekara 226 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma marubutan Rumawa sun ruwaito cewa bayan rundunar Mu'awiya ta shigo tsibirin aka sayar da tagullarsa, aka loda wa raƙuma 900. Yau a bakin tashar Mandiraki ginshiƙai biyu ne da barewa a kan kowanne, sai wasu tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska guda uku. In da sauran ƙarfi ku bi ta nan da yamma don iskar teku, in babu ba ku rasa komai ba.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Rodos na kusa da gaɓar Turkiyya ƙwarai, ana hango duwatsunta, kuma jirage da yawa na haɗa Girka da Turkiyya a tafiya ɗaya. In naku haka ne, kuma fasfo ɗin Najeriya ko Nijar kuke riƙe da shi, ki tabbata bizar Shengen ɗinku, wato bizar Turai da ake shiga Girka da ita, ta shiga da fita sau da yawa ce, ki kuma tambayi kamfanin a rubuce game da bizar Turkiyya tun kafin ki biya sauran kuɗi. Na biyu, ƙarfe 6 ɗin da aka rubuta lokacin tashin jirgi ne, ba lokacin dawowarki ba. Yawanci ana so kowa ya shigo da rabin sa'a kafin nan, za ki ga an rubuta a allo a bakin matakala, ki ɗauki hotonsa. Wanda ya fita da kansa ba a jiransa. Mu mun tsaya cinikin melekuni, muka fito ta wata ƙofar da ba ita muka shiga ba, muka ga teku amma ba jirginmu, sai da muka bi gindin ganuwa da sassarfa ina riƙe da takalmi a hannu. Mun iso saura minti bakwai. Da Mama ba za ki iya wannan gudun ba, ki sa ƙararrawar wayarki ƙarfe 4 da rabi, tana kaɗawa ku kama hanyar Ƙofar Teku, wato ƙofar ganuwa ta ɓangaren tashar jirgi.