Shin da gaske ake hana mutum ruwan rijiya a Indiya saboda asalinsa?

Tambaya: Malam, na karanta labarin wata mata 'yar Indiya da aka hana ta ɗibar ruwa don an ce asalinta ƙazanta ne. Mu a fina-finansu rawa da soyayya muka saba gani. Haka abin yake, ko marubuta ne ke ƙara gishiri?

Amsa: Malama, babu gishirin da aka ƙara. A tsarin gargajiyar Hindu ana gadon matsayi daga haihuwa, kuma a can ƙasa akwai Dalit, waɗanda aka ɗora wa kwasar bayan gida da jima da ɗauke mushe, sannan aka ce taɓa su na ɓata tsarki.

Ina jin labarin marubucin Indiya Premchand kika karanta, na farkon shekarun 1930. Mijin wata 'yar Dalit mai suna Gangi na kwance ba lafiya, ruwan rijiyarsu ya yi ɗoyi saboda dabba ta mutu a ciki. Ta lallaɓa da dare zuwa rijiyar mai gari, tana cikin jan igiya ƙofa ta buɗe, ta saki tulun ta ranta a na kare. Ta iso gida ta tarar mijin na kwankwaɗar ruwan ɗoyin nan. Wannan ba mafarkin marubuci ba ne: a 1927 sai da Ambedkar, jagoran gwagwarmayar Dalit, ya jagoranci dubban Dalit zuwa tafkin garin Mahad don kawai su sha ruwa, bayan sun tafi kuma aka yi wa tafkin wankan tsarki. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan ƙyama, sai dai a ƙauyuka da dama har yau ba ta mutu ba.

Amma ki lura da wanda ke riƙe da alƙalamin. Premchand da Mulk Raj Anand, mai littafin 1935 a kan wani mai shara da ake kira Bakha, ba Dalit ba ne. Tausayi suka rubuta, kuma mutanen cikin labaransu sukan haɗiye baƙin ciki su yi shiru. Daga shekarun 1960 Dalit suka karɓi zancen da kansu, musamman da harshen Marathi, irin su Baburao Bagul. Su ba tausayi suke roƙo ba, haƙƙinsu suke nema, da fushi a fili. Ni a ganina nasu ya fi ratsa zuciya. Ki fara da Premchand don gajarta, daga nan ki nemi Bagul.