Malami ya karya wa ɗana haƙori: me doka ta tanada?

Tambaya: Ɗana mai shekara 15 yana karatu a wata sakandaren gwamnati. Malami ya zo zai zane shi saboda makara, yaron ya riƙe bulalar, sai malamin ya naushe shi har haƙorinsa na gaba ya karye. Wata biyu ke nan shugaban makarantar yana cewa mu yi haƙuri za a sasanta. Shin ina iya neman diyya?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kina da hurumin neman diyya, amma lokaci ya kusa ƙure miki.

Sashe na 55 na kundin Pinal Kod, wato dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa, ya yarje wa malami ya ladabtar da ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, da sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni, kuma sashe na 241 ya ambaci karyewar ƙashi ko haƙori a cikin munanan raunuka. Saboda haka wannan naushi ya wuce ladabtarwa, ya zama cin zarafin da ake biyan diyya a kansa. Malamin zai iya cewa kare kansa ya yi, sai dai kariyar kai tana tafiya ne daidai da girman barazana, kuma riƙe bulala, ko da rashin ladabi ne da ya kamata ki tsawata a kansa, bai kai abin da babba zai dunƙule hannu a kan yaro ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wata biyun da suka shuɗe. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ce duk wanda zai kai ƙarar ma'aikaci kan abin da ya aikata a bakin aiki, dole ya shigar da ita cikin wata uku. A shari'ar Ekeogu da Aliri, wata ɗalibar firamare a Jihar Imo ta rasa ido sakamakon bulalar malaminta, amma a 1991 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙarar ta makara, yarinyar ta tashi ba ko sisi. Lauyanki na iya kafa hujjar cewa naushi cikin fushi ba ya cikin aikin koyarwa, don haka dokar ba ta kare malamin, amma ba zan so ki jingina haƙƙin ɗanki a kan wannan hujja kaɗai ba.

Tun da yaron bai kai shekara 18 ba, ke ko mahaifinsa ne za ku shigar da ƙarar a madadinsa, kuma ana iya haɗawa da hukumar da ta ɗauki malamin aiki, domin mai gida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Ki adana rahoton likitan haƙori da rasitan asibiti da hotunan raunin da sunayen ɗaliban da suka shaida, domin kotu ba ta mayar da kuɗin magani sai da hujja, ko da yake diyyar raɗaɗi alƙali ne ke ƙiyasta ta. Kai ƙorafi ga 'yan sanda ko hukumar rajistar malamai ta TRCN ba ya tsayar da lissafin wata ukun.

Sulhu alheri ne, amma a rubuta shi, a fayyace kuɗin magani da ranar biya, kowa ya sa hannu. Idan mako guda ya wuce ba a yi hakan ba, ki sa lauya ya shigar da ƙara, a ci gaba da tattaunawar tana gaban kotu.