Amsa: Ta ina ƙaramar jam'iyya za ta fara bayan ta sha kaye?

Ɗan'uwa, ka ce jam'iyyarku ta zo ta huɗu a ƙaramar hukumarku, ciyaman ɗin jam'iyyar ya sauya sheƙa, an rufe ofis, kana tambayar ta ina za ku kama. Shawarata ku fara da takardun EC8A, wato sakamakon kowace rumfar zaɓe, kafin ku kira wani taro.

Ku tattaro kwafin da wakilanku suka karɓa. Inda babu, ku duba shafin IReV, inda hukumar zaɓe ta ƙasa INEC ke ɗora sakamakon rumfuna a intanet. Ku jera rumfunan gida uku: inda kuka ci ko kuka zo na biyu, inda kuka samu ƙuri'u kaɗan, da inda kuka tashi da sifili. Rumfar da ta ba ku sifili tana gaya muku ko wakilinku bai zaɓe ku ba, ko kuma ba a tura kowa ba. Wannan shi ne ciwon ƙananan jam'iyyu: Najeriya na da rumfuna 176,846 a mazaɓu 8,809, kuma mai ƙaramin ƙarfi da ya ce zai tsare ko'ina ba ya tsare ko ɗaya.

Don haka ku zaɓi mazaɓu biyu ko uku kawai. A kowace rumfa ku nemi mutum uku da suke da rajista a wannan akwatin, ɗaya daga ciki mace, domin ita ce ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Mazaɓa mai rumfa 20 na bukatar mutum 60 ke nan. A rubuta suna, rumfa da lambar waya a littafi, a riƙa kiran kowa duk wata. Sunan da ba a kira ba wata shida, ku ɗauka ya tafi.

Maganar kuɗi ita ce ke kashe ku. Jam'iyyar da mutum ɗaya ke biya wa hayar ofis tana mutuwa ranar da aka yi masa tayin muƙami. Ku sa kuɗin wata, ko naira 500 ne. Mambobi 200 za su tara naira 100,000, wadda za ta riƙe shago ɗaya da kuɗin mota. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Da zarar an fara ɓoye lissafi, masu biya za su janye.

Wace kujera za ku nema? A nan mutane ke kuskure. Zaɓen kansila da na ciyaman ɗin ƙaramar hukuma, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kamar KANSIEC a Kano, kuma kowa ya san jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan komai. Ku shiga don horar da wakilai, amma ƙarfinku ya tafi kan kujerar majalisar jiha, wadda INEC ke gudanarwa. Tarihi ma ya nuna muhimmancinta: PRP ta ci gwamnan Kaduna a 1979, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa, kuma a 1981 suka tsige gwamnan, Balarabe Musa. Sannan sashe na 225A na tsarin mulki ya ba INEC ikon soke rajistar jam'iyyar da ba ta kai wani mizani ba, kuma kujera ɗaya ta majalisa ko ta kansila tana cikin abin da ke tserar da ita. Da wannan sashe aka soke jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020.

Tsakanin zaɓe da zaɓe kuwa, ku kasance a wurin suna da ta'aziyya, ku bi takardar koke kan taransifoma ko famfon unguwa har ofis, ku kai matasa rajistar katin zaɓe duk lokacin da aka buɗe. Ku yi hattara da wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani a babbar jam'iyya ya zo neman tikiti. In za ku ba shi, ya zama littafin mambobi da asusu suna hannunku, kuma ku ne za ku miƙa wa INEC sunayen wakilan akwati.